Tiyo Huɗu Cikin Wata Goma: Yadda Wani Mai Nutso a Dahab Ya Gano Tsawon da Ya Dace da Jikinsa

## Asalin lamarin

Wanda wannan rubutu ya shafa matashi ne ɗan arewacin Najeriya da ke karatun digiri na biyu a Alƙahira. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya ba ni littafin da yake rubuta kowane nutso a ciki, daga nan na ɗauko zurfi da lokaci da lambar kowane nutso. Ni ne abokin nutsonsa a mafi yawansu. Na girme shi da shekara tara, Yaya yake ce mini. Tsayinsa santimita 161, nauyinsa kilo 57, siriri ne mai ƙaramar kafaɗa. Ni tsayina santimita 187. A riƙe waɗannan alƙaluman tsayi biyu, domin za su dawo.

Kusan duk nutson a Dahab aka yi su, ƙaramin gari a gabar Sina'i, a kan mashigin Aƙaba na Bahar Maliya. Tafiyar dare guda ce a bas daga Alƙahira. A Dahab ba a cika bukatar jirgi ba: mutum yana saka kaya a bakin ruwa, ya taka a kan falalen murjani ko rairayi, ya shiga. Mukan je sau ɗaya a wata, mu kwana biyu ko uku.

Ga wanda bai taɓa ganin kayan ba, ga yadda suke. Mai nutso yana goya tukunya a baya, cike da iska mai matsin bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), wadda ba mai iya shaƙarta kai tsaye. Regileta ce ke sassauta ta hawa biyu. Uwar regileta tana ɗaure a bakin tukunya, daidai ƙeya, tana sauke matsin zuwa bar 9 ko 10 sama da na ruwan da ke kewaye. Daga nan tiyo ya kai iskar ga bakin shaƙa, wanda mutum ke cijewa, shi kuma ya ƙarasa daidaita ta da zurfin da ake ciki. Tiyo huɗu ke fita daga uwar: na bakin da kake shaƙa, na bakin ko-ta-kwana da ake ajiyewa domin abokin da iskarsa ta yanke, na hura rigar iska wadda ke hana mutum nitsewa ko tasowa ba da sonsa ba, sai na geji mai nuna iskar da ta rage. Ukun farko ƙaramin matsi suke ɗauka, haƙoran kafarsu inci 3/8 ne. Na geji shi ke ɗaukar cikakken matsin tukunya, kafarsa inci 7/16, an bambanta su ne don kada a ɗaura wani a gurbin wani.

## Fabrairu: kayan farko

A Fabrairu ya gama kwas ɗin farko na ƙungiyar koyar da nutso ta PADI, wanda ke ba mutum izinin sauka zuwa mita 18. Bayan nutso takwas da kayan haya, ya sayi regileta tasa, sabuwa, kamar yadda ta fito daga kwali. Tsawon tiyon da ta zo da su: na baki santimita 80, na ko-ta-kwana mai launin rawaya santimita 95, na geji santimita 90, na riga santimita 70. Ba wanda ya auna shi a shagon, shi ma bai san ana aunawa ba. Rigar iskarsa irin ta gama-gari ce, mai kama da falmaran, da aljihu biyu da zoben ƙarfe a ƙirji.

Ya jera su yadda aka koya masa: na baki ta kan kafaɗar dama, na ko-ta-kwana ta ƙarƙashin hammatar dama a soke a wani maƙalin roba a ƙirji, geji da tiyon riga ta hagu.

## Maris da Afrilu: nutso na 9 zuwa na 22

Ƙorafi biyu ne suka yi ta maimaituwa a littafinsa. Na farko ciwon muƙamuƙi, ɓangaren hagu, wanda ke farawa bayan minti 25 zuwa 30 a ruwa, ya kuma bi shi har dare. A hotunan da na ɗauke shi ana ganin dalilin: tiyon santimita 80 ya fi ƙarfin tazarar da ke tsakanin ƙeyarsa da bakinsa, sai ya lanƙwasa ya yi baka mai faɗi ta gefen dama. Tiyo idan iska ta cika shi yakan sandare, don haka bakan yana ture bakin shaƙa zuwa hagu, ruwa kuma yana jan sa baya duk lokacin da ake iyo. Da haƙori yake riƙe duk wannan. A nutso na 19 ya cinye ɗaya daga cikin 'yan kunnuwan robar da ake cijewa.

Na biyu, bakin ko-ta-kwana ba ya zama a maƙalinsa. Sau shida cikin nutso 14 ya rubuta cewa ya fito ya tarar da shi yana reto a bayansa. Sau biyu ya ja rairayi har ya riƙa zubar da iska shi kaɗai, ɗaya daga ciki ta ci masa kusan bar 20 kafin ya lura. Gejin ma yana jan ƙasa. A wurin da ake kira Islands, inda murjani ya yi lunguna kamar tsohuwar unguwa, jagoran nutso ya yi masa magana a kan geji da ke bugun murjani.

## Afrilu, nutso na 23: abin da ya faru a mita 12

A wurin da ake kira Lighthouse, a kan gangaren rairayi, muka shirya gwada raba iska. Tun a tudu muka yi magana: zan yi alamar iskata ta yanke, ya ba ni bakin ko-ta-kwana, mu yi iyo kaɗan, mu koma yadda muke. Zurfin mita 12, ruwa garau, babu igiyar ruwa.

Na gitta hannu a maƙogwaro, na cire bakina na riƙe shi a hannu, ina fitar da 'yan kumfa. Ya kai hannu ƙirji, babu komai a wurin. Bakin ya zame tun muna shiga ruwa, ya koma bayan hannunsa. Ya yi ta lalube. Na ƙiyasta daƙiƙa 15 kafin ya kamo shi. Da ya miƙo, a kife ya zo. Akwai dalilin hakan. Yawancin bakunan shaƙa an ƙera su ne tiyo ya shigo ta damar mai shaƙa. Idan abokinka yana fuskantarka, tiyon da ya fito ta damarsa ta hagunka zai iso, sai an lanƙwasa shi kafin bakin ya zauna daidai. In ba a yi haka ba sai ya kife, kafar fitar da numfashi ta koma sama, ruwa ya taru a ciki. Numfashina na farko ruwa ne da rairayi.

Da ya ga ina tari, sai ya yi abin da ba a taɓa koya masa ba: ya zare nasa daga baki ya tura mini. Na karɓa don kada in ƙara rikita shi. Shi kuma ya koma kan mai rairayin. Yanzu tiyon santimita 80 ne ya haɗa mu, goshi da goshi, mun miƙe tsaye, ƙafafu suna harbi ba da saninmu ba. Hannunsa na hagu, wanda ya kamata ya saki iskar riga, yana riƙe da kafaɗata. Agogon nutsonsa ya nuna mun tashi daga mita 12 zuwa mita 6 cikin daƙiƙa 20, wato gudun mita 18 a minti, alhali agogon yana fara kuka ne daga mita 10 a minti. Tsakanin waɗannan zurfi biyu matsi yana sauka daga bar 2.2 zuwa 1.6, iskar cikin riga tana kumbura da fiye da kashi ɗaya cikin uku, ita ma tana ƙara ɗaga mutum. Na saki iskar rigata da tasa, na koma kan bakina, muka tsaya a mita 5 na minti biyar, muka fita. Ba wanda ya ji ciwo.

A tudu ya ce, "Yaya, da gaske ne fa da mun mutu." Na ce masa ba mu kai nan ba, amma da a mita 18 ne, kuma iskata ta ƙare da gaske, ban san yadda za ta kaya ba. A wannan zurfin, mutum biyu a firgice, kowa yana jan lita 30 a minti a ma'aunin tudu, suna cin lita 168 a minti, wato bar 14 daga tukunya mai lita 12. Duk daƙiƙar da aka ɓata a lalube daga cikin wannan ake cire ta.

## Mayu: gwaji na farko, nutso na 24 zuwa na 33

Ya fara da abin da ke masa ciwo. Ya sayi gwiwa mai juyawa, wadda ake sawa tsakanin tiyo da bakin shaƙa, ya kuma canja tiyon baki da na saƙa, mai laushi da rashin nauyi, tsawonsa santimita 75. Ya sayi sabon maƙali na ko-ta-kwana, irin wanda ke rufe bakin gaba ɗaya.

Ciwon muƙamuƙi ya ragu sosai; a nutso bakwai daga cikin goma bai ambace shi ba. Sauran abubuwan ba su tafi haka ba. A nutso na 31 gwiwar ta fara fitar da siririn kumfa. Kowace gwiwa mai juyawa tana da zoben roba nata, kuma rairayin Dahab yana shiga ko'ina. An wanke, an canja zoben, kumfan ya dawo a nutso na 33. Sabon maƙalin ya riƙe bakin ƙam, har ya wuce gona da iri: da muka sake gwaji a mita 6, sai da ya sa hannu biyu kafin ya fizgo shi. Tiyon saƙa kuwa, wani ma'aikacin gyaran regileta ya ja kunnensa ya riƙa murza shi da yatsa lokaci-lokaci. Ƙungiyar DAN, mai bin diddigin lafiyar masu nutso, ta taɓa fitar da gargaɗi cewa robar cikin wasu tiyon saƙa tana farfashewa a wurare masu zafi, ta zama kamar ƙwayar gishiri, ta toshe hanyar iska, alhali daga waje tiyon lafiya lau.

Matsalar raba iska tana nan inda take.

## Yuni: gwaji na biyu, nutso na 34 zuwa na 39

Dahab matattarar masu nutso mai zurfi ce, saboda ramin Blue Hole da ya haura mita 100. Kullum yana ganinsu a bakin ruwa da dogon tiyo nannaɗe a jiki. Ya yi tambaya, ya karanta, ya dawo da tiyon roba mai santimita 210, wanda ake kira mai ƙafa bakwai.

Wannan tsari yana da tarihi. Masu nutso a kogunan ƙarƙashin ƙasa na Fulorida, a Amurka, su suka raine shi, domin a matsatsin kogo mutum biyu ba sa iya jerawa kafaɗa da kafaɗa. Dole ɗaya ya wuce gaba, ɗaya ya bi, tiyo kuma ya isa daga tukunyar na baya zuwa bakin na gaba. Ana danganta tsarin da William Hogarth Main, aka ƙara gyara shi a aikin binciken kogunan yankin Wakulla, sannan ƙungiyar koyar da nutso ta GUE da Jarrod Jablonski ya kafa a 1998 ta yaɗa shi duniya. Ginshiƙinsa shi ne ka ba abokinka bakin da ke bakinka, wanda ka tabbata yana aiki domin yanzu ka shaƙa daga gare shi, kai kuma ka koma kan na ko-ta-kwana da ke rataye a ƙarƙashin haɓarka da igiyar roba. Ba kowa ya yarda da wannan ba. Ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya, BSAC, alal misali, ta daɗe tana koyar da cewa wanda iskarsa ta yanke shi zai ɗauki bakin ko-ta-kwana daga ƙirjin abokinsa, a bar mai bayarwa da nasa a baki.

Hanyar tiyon mai santimita 210 ita ce: ya sauko ta bayan kafaɗar dama zuwa kwankwaso, a maƙale shi a ƙarƙashin gwangwanin batirin fitila da masu kogo ke ɗaurawa a ɗamara, ya haura ta ƙirji zuwa kafaɗar hagu, ya zaga ƙeya, ya shigo baki ta dama. Shi ba shi da gwangwanin fitila, rigarsa kuma ba ta da irin wannan ɗamara. Sai ya riƙa cusa rarar tiyon a ƙarƙashin maɗaurin ciki. Bai sayi gajeren tiyo na ko-ta-kwana ba. Tsohon mai santimita 95 ya ɗaura wa igiyar roba ya rataya a wuya. Shi ya ɗaura komai da kansa a ɗakin masauki, da sifana ɗaya.

Sakamakon nutso shida, kamar yadda ya rubuta:

A na 34 da na 35, tiyon ya zame daga maɗaurin ciki, ya yi baka mai faɗi a gefen dama. A na 36, a Islands, bakan ya sarƙe a reshen murjani, ya fizge bakin daga haƙoransa. Ya koma kan na wuya cikin natsuwa, ni na kwance masa, amma reshen ya karye. A na 37 muka gwada raba iska a mita 6: ya sunkuyar da kai ya miƙo, tiyon ya kama bututun shaƙa, wanda ake numfashi da shi a saman ruwa, da ke maƙale a gefen tabaransa, ya kusa tuɓe masa tabarau, ruwa ya cika su. A na 38 ya cire bututun, amma wajen shiri ya saka igiyar wuya a kan dogon tiyo maimakon ƙarƙashinsa, don haka da ya zo miƙawa tiyon ya ƙi fita, bai wuce tsawon hannu ba. A na 39 kumfa ta fito daga mahaɗar tiyo da baki. Wanda ya duba ya ce wajen ɗaurawa da sifana ɗaya ya juya ƙwayar da ke jikin bakin shaƙa. Aikin na sifana biyu ne, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta ɗaure, kuma ba a matsewa da ƙarfi domin zoben roba ne ke toshe iska, ba ƙarfin hannu ba.

A ƙasan shafin ya rubuta: an gudu ba a tsira ba. Bai shiga ruwa ba a Yuli.

## Agusta: awo da igiya

Da muka dawo, mun nemi wani dattijon malamin nutso, Bamisre, wanda ke koyar da tsarin biyu duka. Kaftin muke ce masa, kamar yadda ake kiran malaman wasanni a Masar. Bai fara da tiyo ba. Tambaya ya yi: a ina kake nutso, da wa, kuma kana da niyyar shiga kogo ko cikin jirgin da ya nitse? Amsar ita ce buɗaɗɗen ruwa, tukunya ɗaya, yawanci da ni, wani lokaci da baƙon da aka haɗa shi da shi a ranar, kuma babu maganar kogo.

Sannan ya sa shi ya saka rigar roba da rigar iska, ya goya tukunya. Abu na farko da ya gyara bai ci ko sisi ba: tukunyar tana ɗaure sama da yawa, uwar regileta na dukan ƙeyarsa, aka sauke ta da kusan yatsa uku. Ya ɗauko igiya mai kauri ya riƙa bin kowace hanya daga kafar uwar zuwa inda tiyon zai ƙare, yana sa shi ya juya kai dama da hagu iya iyawarsa, ya ɗaga kai, ya miƙe hannu. Inda igiyar ta isa ba ja ba rara, nan ya ƙulla, ya auna da tef. Ya ce masa, "Ɗana, igiya ba ta sandarewa. Abin da muka samu yanzu za mu sake gwada shi da tiyo na gaske, da iska a ciki."

Awon da aka tsaya a kai:

Tiyon baki, na roba, santimita 150. Yana fita daga kafar da ke kallon ƙasa a dama, ya bi ƙarƙashin hammata, ya ƙetare ƙirji, ya zaga wuya ta hagu, ya shigo baki ta dama. A jikinsa yana kwanciya lif, babu rarar da za a cusa a ko'ina. An ɗaura masa ƙaramar ƙugiya kusa da bakin, domin a maƙale shi a zoben ƙirji na dama duk lokacin da ba ya baki.

Tiyon ko-ta-kwana, santimita 56, ta kan kafaɗar dama, bakin yana rataye da igiyar roba yatsa biyu ƙasa da haɓa. An gwada santimita 61, ya yi ɗan baka. 56 ya bar shi ya juya kai hagu har ƙarshe ba tare da ja ba.

Tiyon geji, santimita 61, yana sauka ta bayan hannun hagu, a maƙale a zoben kwankwaso. An cire babban gidan robar da gejin ke ciki. Tiyon riga, santimita 56, yana bin bututun riga kafaɗa da kafaɗa.

An cire gwiwa mai juyawa. Bututun shaƙa ya koma mai naɗewa, yana zama a aljihu. Na tambayi Kaftin ko dogon tiyo yana sa numfashi nauyi. Ya ce a'a, domin iskar da ke cikinsa tana kan matsin bar 9 zuwa 10, mita ɗaya ko biyu ba sa rage ta yadda ƙirji zai ji. Ya ƙara da wani abin da ban sani ba duk shekarun da na yi ina nutso: idan tiyo zai fashe, na ƙaramin matsi ya fi na geji haɗari, domin kafar geji ƙanƙanuwa ce kamar hudar allura, iska na fita a hankali, shi kuwa na baki yana iya zubar da tukunya cikin ɗan lokaci. Don haka tiyon da ya fi bukatar dubawa shi ne wanda ake ganin ba shi da matsi.

## Agusta zuwa Oktoba: nutso na 40 zuwa na 64

Kwana biyu na farko ba mu wuce mita 5 ba. Tsarin shiri ya zama ɗaya kullum: igiyar wuya ita ce farko, dogon tiyo shi ne na ƙarshe, a kan komai. Kafin a sauka, a tsaye cikin ruwa iya ƙirji, sai ya cire bakin, ya sunkuyar da kai, ya miƙe tiyon gaba ɗaya don a ga babu abin da ya danne shi, ya shaƙa sau uku daga na wuya, ya mayar. Miƙawar kanta: hannun dama ya riƙe tiyon dab da bakin, a bar maɓallin korar ruwa a buɗe domin mai karɓa, a sunkuya, a miƙa, sannan hannun hagu ya ɗago na wuya zuwa baki.

Kaftin ya riƙe agogo. Ranar farko, daga alama zuwa numfashina na farko daƙiƙa 9. Rana ta biyu, daƙiƙa 4. Zurfinmu lokacin gwajin bai motsa fiye da mita ɗaya ba, domin tazarar da ke tsakaninmu ta ba kowa damar kwanciya a ruwa ya kula da rigarsa. Kurakurai ba su ɓace nan take ba. Sau biyu ya manta maƙale bakin bayan fitowa, ya ja shi a rairayi. Sau ɗaya ya miƙa mini ya tsaya yana kallona har daƙiƙa biyar bai ɗauki nasa ba.

Daga nan muka mayar da gwajin al'ada, sau ɗaya a kowace tafiya, a wurin tsayawar mita 5 da ake yi kafin fitowa. A Satumba ya yi kwas na gaba, mai izinin mita 30. A nutso 25 ɗin nan babu ambaton ciwon muƙamuƙi ko sau ɗaya, babu sarƙewa, babu kumfa. Sabon ƙorafi ɗaya ne: ranar da ya shiga ruwa da riga marar wuya, tiyon ya goge masa fatar ƙeya.

## Nuwamba, nutso na 69

Mun tafi Thistlegorm, jirgin dakon kaya na Birtaniya da jiragen saman Jamus suka nitsar a Oktoban 1941, yana kwance a kusan mita 30 da babura da motoci a cikinsa. Wurin ya yi suna da igiyar ruwa mai ƙarfi, ana sauka ana hawa ne a kan igiyar da aka ɗaure a jikin jirgin. An raba mu. Shi aka haɗa shi da wani baƙo da bai taɓa gani ba. A jirgin ruwa, kafin shiga, ya nuna wa mutumin tsarinsa, ya ce in bukata ta taso, na bakina zan ba ka.

A nutso na biyu na ranar, a mita 20, suna hanyar komawa ga igiya, baƙon ya nuna masa geji: bar 30. Shi yana da 110. Iskar mutumin ba ta yanke ba, amma da wuya ta kai shi ƙarshe cikin wannan igiyar ruwa. Ya miƙa masa dogon tiyo, ya koma kan na wuya. Suka yi iyo a jere zuwa igiya, suka hau ɗaya sama da ɗaya kaɗan, kowa da hannu a kan igiya, suka yi tsayawar minti uku a mita 5. Baƙon ya koma kan tukunyarsa kafin hawa tsani. Shi ya fito da bar 50. Agogonsa bai yi kuka ba ko sau ɗaya. Ina ƙasa da su a kan igiyar, na ga komai.

## Abin da na fahimta

Matsalarsa biyu ce tun farko, kuma ya ɗauke su a matsayin ɗaya. Ciwon muƙamuƙi da jan ƙasa maganar girman jiki ce: tiyon da ke fitowa daga kwali an yanka su ne yadda za su isa babban mutum irina, shi kuwa rara suka yi masa a ko'ina. Rikicin mita 12 kuwa maganar tsari ce: wane baki za a bayar, a ina yake, kuma wace tazara zai bari tsakanin mutum biyu. Gwajin Mayu ya taɓa ta farko kaɗai, ya kuma yi hakan ta ƙara wata mahaɗa da za ta iya yoyo, alhali gajarta tiyo da sauke tukunya sun isa. Gwajin Yuni ya nufi ta biyu, amma ya ɗauko gaɓa ɗaya daga tsarin da aka gina shi dunƙule. Tiyon santimita 210 yana bukatar abin maƙalewa a kwankwaso, da gajeren tiyo a wuya, da kai marar bututu, da hannun da ya saba. Ba shi da ko ɗaya. Ina ganin Yuni ne watan da ya fi shiga haɗari, fiye ma da Afrilu, kuma ina da nawa laifin, domin na ga kayan a ɗakin masauki ban hana shi shiga ruwa da su ba.

Ba na cewa santimita 150 shi ne daidai ga kowa. Na gwada nasa, a ƙirjina ya matse har ba na iya juya kai hagu. Ni santimita 210 ne ke kwanta mini, ko kuma tiyon santimita 100 ta ƙarƙashin hammata. Haka kuma ban ɗauka tsarin da aka koya masa a kwas ɗin farko kuskure ne ba. Bakin ko-ta-kwana da ke zaune a ƙirji, tsakanin haɓa da ƙasan haƙarƙari, a maƙalin da ke riƙewa kuma yake saki, wanda ake dubawa kafin kowane nutso, yana ceton rai, kuma shi ne abin da yawancin baƙin da za a haɗa ka da su suka sani. Da ya gyara wannan ya yi ta atisaye a kai, mai yiwuwa da ya isa. Abin da ya sa na fi karkata ga tsarin da ya ƙare a kai shi ne abin da na gani da idona a Afrilu: da ya firgita, na bakinsa ya miƙo, ba tare da kowa ya koya masa ba. Sabon tsarin ya bi abin da hannunsa ke yi da kansa. Kuma cikin abin da ya canja daƙiƙa 15 zuwa 4, ina ba awo rabi, atisaye rabi. Tiyon Agusta da hannun Yuni da sun sake sarƙewa.

Saura abu ɗaya da ba a warware ba. An yi awon ne a Agusta, da siririyar rigar roba, ruwa yana da ɗumin digiri 27 ko 28. A hunturu ruwan Dahab yana sauka zuwa 21 ko 22, zai saka riga mai kauri da hular roba. Ya gwada su a ɗaki, tiyon santimita 150 ya fara ja idan ya juya kai hagu. Ya ajiye igiyar awon a jakar kayansa, kuma mun shirya komawa wurin Kaftin a Janairu kafin ya shiga ruwa da sabuwar rigar.